Ƙofa ta Sha Huɗu

An ba ni riga ruwan lemo mai ƙyalli,
aka ce, "Jazuli, ga dokar aiki:
ka ba fili baya, ka fuskanci jama'a.
In ka waiga, a yanke riyal hamsin."
Gasar ƙasashe ta sauka a Jidda,
ni kuwa na zo na ba ta ƙeya.

Amma wanda ya iya karatun fuska
me zai yi da majigi?
In wuyoyi suka miƙe, an kai hari.
In hannaye suka hau ka, an ɓarar.
In tsohon nan ya daina jan carbi,
bugun kusurwa ne a gidanmu.

Tun la'asar rigima ta soma a waje.
Tanimu ya taho daga Makka a motar haya,
rabin albashi ya zube wa ɗan bayan fage,
ya miƙo waya, na'ura ta kawo ja:
wai tun azahar aka shiga da tikitinsa.
Ya roƙe ni da Hausa, na amsa da Larabci.
"Mamnu'," na ce.
Har yanzu kalmar na maƙale a maƙogwarona
kamar ƙayar kifin Bahar Maliya.

Can sama, bayan gilashi, kujerun manya,
rabinsu ba kowa, sanyi kaɗai ke zaune.
Na ƙirga su. Ba aikina ba ne, amma na ƙirga.

Minti tamanin da bakwai.
Ban gani ba, tafin ƙafata ne ya ji:
siminti ya girgiza, gorunan ruwa suka tashi,
wani ƙato ɗan Omdurman ya rungume ni,
yana kuka, yana ce mini ɗan'uwa,
ya jiƙa mini kafaɗa da hawaye da zufa.

Sai shiru.

Alƙalin wasa ya sa yatsa a kunne.
Wasu mutane a wani ɗaki da ba mu gani
suna auna ƙafar yaro da zare.
Minti huɗu. Ko shayi ne ya isa ya tafasa.
Fuskoki dubu a rataye kamar wanki a igiya.
Aka ce satar gida.
Da me? Da tsinin takalmi.

To murnar da aka riga aka kashe,
wa zai biya ta?

Zagi ya ɓarke da harsuna bakwai,
na gane huɗu, sauran na fahimta.
"An saye shi!" "Tun a otal aka gama wasan!"
Silifa ya wuce ta gefen kunnena.
Ɗan'uwana na minti huɗu da suka shige
ya dafe ni a ƙirji yana huci,
don a wurinsa duk mai rigar aiki
da shi aka haɗa baki.

Wani yaro bisa wuyan ubansa ya ce,
"Baba, ba ta shiga ba ne?"
"Ta shiga."
"To me ya sa?"
Uban ya gyara masa hula kawai.

Ƙarfe ɗaya na dare, an watse.
Muka tsince gwangwani da yagaggun tutoci.
Sannan na waiga, kyauta, ba tara:
ciyawa ce, ruwa na fesa mata,
raga biyu a tsaye, ba ruwansu da kowa.

A bakin titi na tarar da Tanimu,
ya kalla a wayar wani direba, tana yankewa.
Na yi zaton zai kau da kai.
Sai ya ce, "Kai da ke ciki, tsakaninka da Allah,
satar gida ce?"
Na ce, "Ni da kai duk ɗaya, ban gani ba."

Ya yi dariya har da tari.
Muka sayi tamis da wake, muka raba.
Yana ci yana zana layi a ƙasa da tsinke,
yana nuna mini inda ƙafar yaron take.